Takardar Tsire

Ran Laraba da almuru, kasuwa ta watse,
na sayi tsire wurin Jatau a bakin tashar Daura.
Ya naɗe min shi a wata takarda mai santsi.
Na ci, na lashe yatsu, har zan yar,
sai ga ido yana kallona ta cikin garin ƙuli.

Aku ne, amma ba irin wanda muka sani ba,
ba toka-tokan nan mai jar wutsiya
da ake kawo mana daga Kurmi cikin keji.
Wannan bayansa shuɗi ne shar,
kamar yanzu aka tsamo shi daga marina,
ƙirjinsa ruwan ɗorawa, bindinsa ya fi kamu.

Na kai wa Tasalla, autata mai boko.
Ta goge man da gefen zane, ta matso da cocila.
Ta ce, Baba, na Amurka ta Kudu ne,
can bayan teku, inda damina ke mai da fako tafki,
sai dogayen itatuwa, dangin giginyarmu,
su rage tsaitsaye gungu-gungu
kamar masu jiran fito.
Nan yake zaune, ba ya wuce nan.
'Ya'yan itacen su ne tuwonsa,
in itacen ya mutu a tsaye, kogon ne ɗakinsa.
Biyu-biyu suke tashi, biyu-biyu suke sauka.
Ƙwai biyu ko uku, da ƙyar ɗaya ke yin fiffike.

Na ce, to me ya same shi?
Ta ce, masu shanu na cinna wa daji wuta don sabon toho.
Masu tarko na kwashe 'ya'yan tun ba gashi,
a cusa su cikin akwati a haye ruwa da su.
Na ce, saura nawa?
Ta ɗaga takardar ga haske, ta juya, ta sake juyawa.
Daidai wurin lissafin mai ya cinye,
sauran kuma Jatau ya yage ya naɗe wa wani.

Na yi shiru. Ta san sana'ata.
Shekara talatin da ɗaya ina sayar da azara.
Rabin sorayen unguwar nan
gatarina ne ya ɗora musu rufi.

Akwai wani namijin giginya a fadama, yamma da Sandamu,
miƙaƙƙe, baƙin ciki gare shi mai tauri, irin wanda gara ke tsoro.
Tun hantsi muke sara, sai la'asar ya faɗi.
A kogon wuyansa muka iske 'ya'yan tsirya uku,
tsirara, baki buɗe, ba su ko san an faɗi ba.
Uwar na kewaya sararin da ɗazu gida ne.
Nomau ya zuba su a hula,
ya sayar a Mai'aduwa, ya sayo mana goro.
Na ci goron. Daɗi gare shi.

A lokacin garkensu kan sauka kan gero,
kore fatau, da surutu kamar gidan biki,
yara na kaɗa gwangwani suna zaginsu.
Yau geron na nan, gwangwanin na nan.
Ƙwallon giginyar da muke binnewa ma
muruci muke nema, ba inuwa ba.

An ce inuwar giginya, na nesa ka sha.
Ashe alhakinta ma sai ya kewayo ta nesa,
ya ƙetare teku, ya biyo ta hannun mai tsire,
kafin ya iske ka zaune a ƙofar gida.

Tasalla ta ce, Baba, mece ce tsirya?
Na buɗe baki, na ɗaga hannu zan nuna,
na rasa inda zan nuna.

Na sami ƙusa na kafe takardar
jikin azarar da ke bisa gadona.
Da asuba na haska in gaishe shi,
na tarar kiyashi sun biyo ƙanshin mai.
Sun fara ta fiffike.